Turakun Bakin Kwazazzabo

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye da ke kan hanyar Kebbe, ban fi wata biyu da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Ba a daɗe da yanka mana jihar Sakkwato ba, kuɗin mai sun shigo ƙasa, gwamnati tana ta gina azuzuwa har a inda ba a roƙa ba, malamai kuwa sun yi kaɗan. Duk wanda ya fito da takarda a hannu, sai a ɗora shi a mota a ce masa ga garinka nan. Ni mutumin Tambuwal ne. Mahaifina malami ne mai zaure, manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatun littattafai a wurinsa, kuma wannan asalin ya riga ni isa ƙauyen.

Limamin garin ya taɓa yin shekara uku yana karatu a zaurenmu, tun ban yi wayo ba. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana. Ɗansa yana aji shida, ajin da aka ba ni, amma ba da son ran uban ya shiga boko ba, mai gari ne ya matsa. A makon da na fara aiki sai ga liman da safe ya riƙo hannun yaron har ƙofar aji.

"Ɗan malam," in ji shi, "bana nis so in cire shi in kai shi karatu Sakkwato. Ba don boko nika barin shi ba, don gidan da kaf fito. Ga shi nan, amana."

Na karɓa da bakina. Na ce in Allah ya yarda ba zai ga abin ƙi ba.

Yara ashirin da uku ne a ajin, huɗu mata. Littafin da aka ba mu na sanin ƙasa cike yake da hotunan duwatsun ƙanƙara da tekuna, abubuwan da ba mai ganinsu a cikinmu har ya mutu. Ina karantawa suna maimaitawa, idanunsu na kan taga. Da na gaji sai na rufe littafin, na ce kowa gobe ya zo da kwalba da ƙasar gonar ubansa cikin tsumma. Muka zuba ƙasar a kwalabe, muka cika da ruwa, muka girgiza, muka jera a gindin taga. Kafin a tashi hutun ƙarfe tara, tsakuwa da yashi sun kwanta a ƙasa, turɓaya ta hau kansu, laka kuwa tana ta yawo a sama ta ƙi zama. Kwalbar ɗan mai gonar jigawa kusan duk yashi ce, ta ɗan mai fadama ta wuni ba ta washe ba. Ranar babu wanda ya kalli taga don neman tsuntsu.

A cikin 'yan matan akwai wata 'yar siririya, ubanta shi ne mahaƙin rijiyar yankin. Ita ta fara ba ni kunya. Na ce musu ƙasa hawa-hawa take, ina neman sunayen a littafi, sai ta ɗaga hannu ta jero mini su yadda ubanta ke faɗa in ya fito daga rami: baƙar ƙasa, jar ƙasa, marmara, farar ƙasa mai laushi, sannan yashin ruwa. Na rubuta a allo yadda ta faɗa. Da yamma na je na gai da uban. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Ya yi dariya da jin wai abin da yake ci da shi ake koyarwa a boko, amma daga ranar muka saba.

A gabas da garin, tsakanin makaranta da maƙabarta, akwai wani kwazazzabo. Tsofaffi sun ce shekara uku da suka wuce burtali ne kawai, hanyar da shanu ke bi zuwa fadama. Da 'yan kwangilar hanya suka zo da katafila da tifofi, suka ɗaga titi da marmara, sai suka tattara ruwan da a da yake bazuwa cikin gonaki suka saka shi a kwalbati guda, bakin kwalbatin kuma yana kallon burtalin. Suka gama suka yi gaba. Damina biyu ruwan ya yi yana tona wurin, har ya zama rami mai zurfin tsayin mutum biyu, ya kuma yi wani reshe da ya karkata wajen shingen aguwar da ya kewaye maƙabarta.

Da ruwan farko ya sauka na kai yaran wurin. Muka sare turaku takwas muka kafa su a jere, daga bakin reshen nan har zuwa shinge, taki biyar tsakanin kowane biyu. Muka sami doguwar igiyar rama muka ƙulla ta kamu-kamu. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sai mu je mu auna abin da ya rage tsakanin baki da turke na gaba, ɗan liman ya rubuta a kwalin da muka manna a bangon aji, domin ya fi kowa kyan hannu. Kafin gero ya kai gwiwa ramin ya cinye turaku uku.

Ban ce musu komai ba, su suka yi lissafin da kansu. Wata safiya ɗan liman ya tsaya gaban kwalin yana ƙirga da yatsu, sai ya juyo.

"Malam, in haka yac ci gaba, kafin a yanke gero ya kai ga kabarin kakana."

Na ce masa lissafinsa daidai ne, in ruwa ya ci gaba da sauka yadda yake sauka. Na ji daɗi a raina, daɗin malamin da ɗalibinsa ya gano abu da kansa. Ban yi tunanin yadda maganar za ta kasance ba in ta shiga gidaje ashirin da uku a rana ɗaya.

Kafin la'asar ta canza kama. A ƙofar masallaci aka ce malamin boko ya yanke ranar da ƙasa za ta tone matattu. Wasu suka ce ai turakun ne ke kiran ramin, in ba haka ba me ya sa yake bin su ɗaya bayan ɗaya? Wata tsohuwa da nake sayen fura a wurinta ta ce da ni furar ta ƙare, alhali ina ganin ƙwarya cike. Bayan kwana biyu muka je awo muka tarar an tumɓuke turakun da suka rage an watsar cikin rami.

Hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin wajen Sanyinna ne, dattijo mai gudun fitina, shekara biyu suka rage masa ya ajiye aiki. Ya rufe ƙofa kafin ya yi magana.

"Malam, shekara nawa munka yi muna lallashin mutanen ga su ba mu ɗiyansu? Kai ka zo cikin wata fuɗu kana son ka watse muna makaranta. Daga yau kada ka sake fita da yaro ko ɗaya bayan shingen ga sai da izinina."

Na ce masa abin da muka auna gaskiya ne, ko an cire turaku ramin ba zai tsaya ba. Ya ce bai musa ba, amma shi makaranta aka ba shi riƙo, ba maƙabarta ba.

Liman bai ce mini komai a gaban mutane ba. Bayan sallar magariba ya tsayar da ni a gefe, ya ce shi ya san auna ƙasa ba duba ba ce, ya faɗa wa masu faɗin hakan su kama bakinsu. "Amma ɗan malam, maganar kabari ba a aiko ta bakin yara. Da ka zo mani da kanka." Na ba shi haƙuri. A zuciyata kuwa ina ganin duk ba su fahimta ba ne, kuma in sun ga abin da na gani za su fahimta.

Abin da na gani shi ne bangon ramin. Na taɓa sauka ni kaɗai na duba. Daga sama akwai marmara mai tauri, kaurinta bai fi kamu biyu ba, a ƙarƙashinta kuma farar ƙasa ce wadda in ka jefa a ruwa take narkewa kamar gishiri. Ruwa yana cin farar ta ƙasa, marmarar ta rasa abin da za ta zauna a kai, sai ta rufto. Na ƙudura cewa in kowane yaro ya kai gida da dunƙule biyu, ja da fari, ya jefa su a ƙwarya gaban ubansa, magana ta ƙare.

Ranar wata Alhamis hedimasta ya hau babur ɗinsa ya tafi ofishin ilmi a Tambuwal. Ina jin ƙarar babur ɗin ta ɓace na ce wa yara su ɗauko tsummokinsu da igiyar awo. Kwana uku ba a yi ruwa ba, rana ta fito tas. Can nesa ta gabas, wajen tuddai, akwai baƙin hadari a kwance, na dube shi na ce a raina ko zai zo sai bayan azahar.

A hanya muka gamu da mahaƙin rijiya yana gyaran bakin wata rijiya kusa da titi. Ya tambayi inda muka nufa, na faɗa masa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon gabas.

"Malam, hadarin can ya zuba. Ka ga ƙasansa ya yi fari."

"Ai can ne ya zuba, baba, ba nan ba," na ce.

"Ruwan can ɗin, nan shika zuwa," in ji shi. Ya dubi 'yarsa kamar zai ce ta tsaya, sai kuma ya dube ni, ya fasa. Ina jin kunyata ya ji. Na ce masa ba za mu daɗe ba.

Wuri ɗaya ne ake iya sauka ramin, inda shanu suka fasa gaɓa suka yi gangara. Daga nan muka bi cikinsa muka yi sama wajen kwalbati, tafiyar da ta kai taki ɗari biyu, har inda bangon ya fi tsayi kuma hawa-hawan ya fi fitowa. Ƙasan ramin yashi ne busasshe. A ciki ba iska, ba ka ganin komai sai bango dama da hagu da zirin sama a bisa kai. Yara suka bazu suna ƙwaƙular bango da tsinke, suna gardamar wane hawa ya fi kauri. Farar ƙasar wurin ta gauraya da ja, ni kuwa ina son tsantsarta. Na tuna akwai inda ta fi kyau a bayan wata kwana da ke gaba. Na kira ɗan liman, domin shi na fi yarda da hankalinsa, na ba shi tsumma babba na ce ya je ya ciko mana.

Bai fi minti biyar da tafiya ba na ji wata iska mai sanyi ta biyo ramin, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. 'Yar mahaƙin rijiya ta taɓa hannun rigata.

"Malam, dubi."

Wani siririn ruwa ne yake tahowa a kan yashi, bai fi faɗin tafin hannu ba, yana turo kumfa da karmami da kashin awaki a gabansa. Yana tafiya a hankali kamar maciji. Har yau ina jin nauyin abin da na yi a lokacin: na tsaya ina nuna wa yara shi. Na ce su lura da yadda ruwa ke ɗauko abin da ya tarar. Yarinyar ba ta saki rigata ba.

"Malam, babana ya ce in an ga wanga a gudu."

Sai muka ji ƙarar. Da farko na ɗauka tifa ce a kan titi. Amma ƙarar ba ta wuce ba, ƙaruwa take yi, kuma ta cikin ramin take zuwa.

Na daka musu tsawa su zubar da komai su yi gangara. Gudu a cikin yashi ba sauri, ga ruwan ya riga ya kai idon sawu, ya mai da ƙasan santsi. Wata yarinya ta faɗi na fizgo ta, wani ƙarami ya tsaya yana neman takalminsa na ɗauke shi cak. Ina gudu ina waiwaye ina kiran ɗan liman, muryata ba ta wuce kunnena. Kafin mu kai gangarar ruwa ya kai gwiwar yara, ja wur, yana dukan ƙafafunmu da itace. Manyan suka hau suka riƙa jawo ƙanana. Na tura na ƙarshe sama, na juya zan koma, ruwan ya buge ni a ƙugu ya kayar da ni. Da ƙyar na kama wata saiwa na ja jikina waje.

A bisa gaɓa rana tana nan tas, ko ɗigo bai sauka ba. Na ƙirga su. Ashirin da biyu. Na sake ƙirgawa ko da na san amsar.

Na ce wa 'yan mata biyu su ruga su kira mahaƙin rijiya, sauran kuma kada wanda ya matsa kusa da baki. Na bi gaɓa da gudu na yi sama. Ruwan ya cika rabin ramin, yana tafe da kututture da buhunan da ya kwaso, bango yana ruftawa gaɓa-gaɓa, kowane da ƙara kamar an harba bindiga. Ina gudu ina salati, ina kallon ruwan, ina tsoron abin da zan gani a cikinsa.

A bayan kwanar na hango shi. Wani itacen gawo ne a bakin ramin da ruwa ya tone rabin saiwoyinsa suka zubo cikin rami kamar igiyoyi. Yaron ya kama su ya hau, ya sami wani ɗan tudun marmara da ya fito daga bango ya tsaya a kai. Faɗin wurin bai fi faifai ba. Ruwa yana wucewa kamu ɗaya a ƙarƙashin ƙafarsa, tsakaninsa da sama kuma ya fi tsayin mutum. Hannunsa na dama yana lilo, da hagu kawai yake riƙe. Bai yi kuka ba. Ya ɗago ya dube ni, bakinsa yana motsi, na gane karatu yake yi.

Na kwanta rub da ciki na miƙa hannu, ko kusa bai kai ba. Ƙasar da na kwanta a kai na ji tana motsi. Na san abin da ke ƙarƙashin tudun da yake tsaye, ni na koya musu: farar ƙasa ce, kuma ruwa yana cin ta.

Wani yaro ya kawo igiyar awo, ashe bai yar da ita ba. Na jefa masa, ta sauka a kafaɗarsa. Ya dube ta, ya dubi hannun da yake riƙe da saiwa. In ya saki ya kama igiya zai faɗa. Na ce masa kada ya saki.

Sai ga mahaƙin rijiya a guje da tasa igiyar mai kauri a kafaɗa, da manoma uku da suka yar da fartanyoyinsu suka biyo shi. Bai dube ni ba. Ya ce in tashi daga bakin, nauyina zai karya shi. Ya zagaya gindin gawon ta ɓangaren da ke da ƙarfi ya ɗaura igiya, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ya ce wa manoman su riƙa sakar masa kaɗan-kaɗan, in ya ce ja su ja, kada su saurari kowa sai shi. Ya sauka da baya, yana taka bango da yatsun ƙafa yadda yake yi a rijiya. Muna jin muryarsa yana yi wa yaron magana a hankali kamar ba abin da ke faruwa.

"Ɗan liman, kada ka dube ni, dubi bango. Yawwa. Zan sa hannu ƙarƙashin hammatarka. In na ce saki, ka saki."

Wani ɓangaren gaɓa ya rufta kusa da su, ƙasa ta zubo musu a ka. Ɗaya daga cikin manoman ya fara ja don firgita, na riƙe hannunsa. Muka jira. Ban san tsawon lokacin ba. Sai muka ji "Ku ja!" Muka ja mu huɗu, igiya tana cin tafin hannunmu, har kan mahaƙin ya bayyana, yaron a manne a ƙirjinsa. Da muka kwantar da su nesa da baki na koma na leƙa. Tudun yana nan. Bai faɗi ba sai can da yamma, aka ce.

Kafin nan gari ya fito. Mata suna kiran sunayen 'ya'yansu, kowace ta kama nata tana shafa shi. Mutane suka buɗa wa liman hanya. Ya durƙusa ya duba hannun ɗansa, ƙashin ya karye a ƙasan gwiwar hannu, itace ne ya buge shi lokacin da yake hawa. Ya cire rawaninsa ya ɗaure hannun a ƙirjin yaron, ya ɗauke shi da kansa zuwa gidan maɗori. Ya wuce ta gabana, rigata tana ɗigar jan ruwa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari bayan sallar Juma'a aka kira ni zauren mai gari. Hedimasta yana nan, ya dawo ya tarar da labari. Zauren ya cika har waje. Mai gari ya tambaye ni ko an hana ni fita da yara, na ce an hana ni. Ya tambaya ko an gargaɗe ni a hanya. Mahaƙin rijiya yana zaune a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, na san bai faɗa wa kowa ba. Na ce an gargaɗe ni. Ya tambaya wa ya aiki yaron bayan kwana. Na ce ni ne. Wani daga waje ya ce a kore ni yau ɗin nan, wasu suka amsa. Mai gari ya ɗaga hannu, ya juya ga liman, ya ce shi ke da haƙƙi.

Liman ya ɗago kai ya dubi jama'a.

"Bai yi ƙarya ba, ko ɗaya," in ji shi. "Wanga na gidansu ne. Amma na ba shi amana ya kai ta rami. Ɗana ya gama boko. Sauran kowa ya yi shawara da zuciyatai." Ya gyara zama. "Magana ta biyu. Da safe na tafi maƙabarta. Ruwan jiya ya ci shinge, tsakanin rami da kabarin farko bai kai taki fuɗu ba. Wanda ka cewa turaku ka kiran shi, to an cire turaku, ga shi ya zo. Gobe kowa ya fito da abin aikinai."

Ba wanda ya ce mini na yi gaskiya, ban kuma sa ran haka ba. Aka yi gayya kwana uku. Mahaƙin rijiya ne ya ja aikin: aka kwaso ragowar marmarar da 'yan kwangila suka bari a gefen titi aka jera a kan reshen, aka yanka wa ruwa wata hanya ta nesa da shinge, aka dasa ciyawar jema da gamba a baki. Na fito da kwandona na yi ta ɗaukar dutse tare da kowa. Ba a kore ni ba, ba a kuma yi mini magana ba, sai mahaƙin da yakan ce in kawo nan ko in kai can. Aikin ya riƙe reshen har ƙarshen damina. Babban ramin kuwa ya ci gaba da cin gonaki ta kudu, mai gari ya aika takarda kan kwalbatin har sau biyu, ban ji an zo ba har na bar garin.

Ranar Litinin ta gaba yara goma sha ɗaya suka zo aji. A hankali wasu suka dawo, amma ba mu sake kai ashirin ba. Hedimasta ya rubuta rahoto, ya karanta mini kafin ya aika, babu abin da ya ƙara a kan abin da ya faru. Da zangon ya ƙare aka mai da ni wata makaranta kusa da Jabo. Na yi shekara guda a can ban fita da yaro ko ƙofar shinge ba. Da na koma fita da su, sai na fara zuwa wurin ni kaɗai, in nemi dattijon da ya san shi, in ya ce kada a je ba a zuwa.

Na je sallama gidan liman kafin in tashi. Ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce in gai da mahaifina. Na tambayi jikin yaron, ya ce da sauƙi, an kai shi Sakkwato wajen karatu. Ban gan shi ba.

Hannun bai miƙe daidai ba. Na sani domin bayan shekaru da yawa na je ɗaurin aure Kebbe, aka ce ga wanda zai ɗaura, sai na ga mutum mai furfura kaɗan a gemu yana karɓar goro da hagu yana tallafe da dama. Shi ya fara gane ni. Bayan an shafa fatiha ya ratso mutane ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da malam, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Ya ce mahaifinsa ya rasu shekara shida da suka wuce, na yi masa ta'aziyya. Muka ɗan tsaya. Sai aka kira shi cin abinci, ni kuma motarmu ta cika tana jirana.